Gumbar Sadakar Kalilu

Tun daga tashar Sabon Birni Kalilu ya lura mutane ba fuskarsa suke kallo ba, ƙafafunsa suke kallo.

Da farko ya ɗauka takalmin ne. Takalmi ne mai tudun dunduniya da ya sayo a Ikko, har ya ɗan ƙara yanga a taku don a gani da kyau. Ka san mawaƙi da son a kalle shi.

Sai da wata mai tallar ƙuli-ƙuli, 'yar garinsu Gatawa, ta ɗago suka haɗa ido, ta saki faranti ta ruga tana salati, sannan jikinsa ya yi sanyi. A shekarar farin nan ta tamanin da huɗu ko dusa ba a zubarwa, balle ƙuli.

Kalilu ɗan Tasalla mawaƙi ne, amma ba irin na kalangu da kotso da Gobirawa suka sani ba. Tun yana saurayi kaset-kaset ɗin da fatake ke shigowa da su daga Maraɗi suka tafi da hankalinsa, kiɗan nan mai sanyi na baƙaƙen Amurka da 'yan birni ke kira ar-an-bi, inda mawaƙi ke jan murya kamar mai roƙon a yafe masa. Ya sami tsohuwar jita, ya koya wa kansa, ya zuba Hausa a cikin kiɗan. Daga nan sai otal-otal ɗin Sakkwato. Daga nan 'yan gidan talabijin suka ga yaron yana da fuska, suka soma sa shi a wasan kwaikwayo.

Bara, ana cikin jiran girbin da bai zo ba, wani mai kamfanin faifai ya kira shi Ikko. Ya tafi bayan ya yi wa Safiyatu 'yar Malam Sodangi alkawarin da ya dawo za a sa rana. Tun da ya tafi ko gaisuwa bai aiko ba. Wai so yake ya dawo da faifai a hannu, a ga abin mamaki.

To, an ga abin mamaki.

A bayan a-kori-kurar da ta ɗauko su zuwa Gatawa, an matse kamar goro a huhu, amma gefensa fili. Ya yi gaisuwa, aka amsa a ciki-ciki. Wani tsoho bai daina jan carbi ba har aka sauka.

Da ya shiga gari sai ya ci karo da rigarsa.

Jar rigar nan ce mai sheƙi, wadda ya sa ranar da ya fara hawa dandali a Sakkwato. Ga ta a jikin wani dattijo da ke zaune a gindin aduwa, ta yi masa yawa, ƙasusuwan kafaɗarsa sun ɗaga ta. Can gaba, bakin rijiya, wandonsa mai faɗin ƙafa ne a jikin mai jan guga. Hularsa ta wuce shi a kan wani da ke kora jaki. Duk inda ya juya sai ya ga wani yanki nasa yana yawo a gari ba da shi ba, kuma kowa ya hango shi sai ya saki abin da yake yi ya dubi ƙasa.

Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba ko a daren farko na Ikko.

Ya tarar da Inna Tasalla a tsakar gida tana tsame anza daga ruwa, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ba a ci sai yunwa ta kai wuya. Ya yi sallama. Ba ta yi ihu ba, ba ta gudu ba. Ta dube shi ta daɗe.

"In kai ne, tuɓe takalmi ka taka tokar ga in gani."

Ya tuɓe, ya taka tokar murhu, ya ɗaga ƙafa. Ta rarrafo ta sa tafin hannunta a cikin sawun, ta shafa dunduniya, ta shafa yatsu. An ce fatalwa ba ta taka ƙasa. Sai a lokacin kukan ya ƙwace mata. Ta riƙe ƙafarsa tana yi, da ta gaji ta ɗauki ludayi ta kwaɗa masa a ƙwauri, ta sake komawa kukan.

Da numfashinta ya dawo ta ba shi labari, yana zaune a kan turmi yana ji kamar labarin wani.

Labbo ne ya kawo labarin mutuwarsa. Labbo falke, mai safarar hatsi da gishiri tsakanin Isa da Sabon Birni da Maraɗi, wanda ba shi da abin saurare a motarsa sai kaset ɗin Kalilu. Wata ranar kasuwar Isa ya leƙa gidan kallon da aka buɗe a garin, karonsa na farko da ganin talabijin. Yana shiga sai ga fuskar Kalilu ta cika akwatin, tsagen Gobirawa raɗau, ido a rufe, auduga a hanci. Aka ja likkafani aka rufe, aka ɗora a makara, mata na kururuwa, waƙarsa na tashi a hankali. Nan man janareta ya ƙare. Bawan Allah ya fito yana kuka kamar ƙaramin yaro, bai tsaya ko ɗaure kayansa ba ya kamo hanyar Gatawa. Wa zai ƙaryata mutumin da ya ce da idonsa ya gani? Aka aika Sakkwato a tambaya, ɗan aiken ya tarar da ɗakin hayar Kalilu da wani a ciki. Shi ke nan, magana ta tabbata.

Kalilu ya tuna wasan sarai. Kafin tafiyarsa Ikko aka ɗauka, ya fito a matsayin mawaƙin da ciwon so ya kashe. Abin da ya fi tunawa shi ne audugar ta yi ta sa shi atishawa, masu ɗaukar makara suna dariya har suka kusa kayar da shi.

A nan kuwa an yi zaman makoki. An raba tufafinsa sadaka. Kuma a shekarar da mata ke tonon gidan tururuwa suna neman ƙwayar gero, Labbo ya sauke buhuna a ƙofar gidan nan ya ce a yi wa mamaci sadaka yadda ta kamata. Aka yi ta uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in. Unguwa kaf ta ci gumba. Inna ta ce akwai yaran da ba don gumbar nan ba da ba su ga bazarar bana ba, kuma har yau duk ranar kasuwa sai Labbo ya aiko mata da tiyar gero.

"Safiyatu fa, Inna?"

Tsohuwar ta mai da ido kan anzarta. Ta ce yarinyar ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ta ce bayan arba'in Labbo ya tura manya gidan Malam Sodangi. Ta ce ranar Juma'ar nan, jibi, za a ɗaura.

Ka ga ikon Allah, maimakon ya ruɗe sai Kalilu ya ji hankalinsa ya ɗan kwanta. A ganinsa abin ai mai sauƙi ne. Kuskure aka yi. Ta zaci ya mutu ne ta amsa wa wani, yanzu ga shi da ransa, me ya rage? Ya wanke ƙafa, ya ari tsohuwar rigar da ta rage a gidan, ya nufi gidan Malam Sodangi da la'asar.

Malam ya karɓe shi a zaure. Ya shimfiɗa masa tabarma, amma can nesa da buzunsa. Mutum mai karatu, mai limancin unguwa, shi ma sai da idonsa ya saci kallon ƙafafun.

Kalilu ya durƙusa ya yi bayani. Ya ce wasa ne, aikinsa ne, kamar yadda wani ke noma wani ke saƙa. Ya ce ga faifansa ya fito, ga hotonsa a jiki, yanzu yana da abin riƙe iyali. Ya tuna wa Malam cewa shi ya fara zuwa, kuma Malam da bakinsa ya ce ya ba shi. Yana magana hawaye na zuba, bai ko share ba.

Malam ya bar shi ya gama, sannan ya yi gyaran murya.

"Ɗana, ni ban ce kai fatalwa ne ba. Amma ni na zauna ƙofar gidanku ina karɓar gaisuwar mutuwarka. Ni na raba tufafinka da hannuna. Ranar arba'in ɗinka da gumbarka iyalina sunka kwana, ba mu da komi sai ita. Yanzu da wane baki za ni ce ma mutumin da ya ciyar da mu ya koma, mamacin ya taso?"

"Baba, ban san an yi haka ba."

"Da ka aiko ko da goro guda, da an sani."

Malam ya ƙara da cewa tun ɗazu nasa 'yan'uwan suke sintiri a zauren nan. Wasu na cewa wanda ya shiga likkafani da ransa don a yi dariya ba ya daɗewa, kada a mai da Safiyatu mai takaba tana amarya. Wasu ma cewa suke irin wasan nan da makara ne ya sa sama ta riƙe ruwa. Shi bai yarda da wannan ba, in ji shi, amma ba a san gidansu da yin amai a lashe ba.

Kalilu ya kifa goshi a tabarma. Ya roƙa da girman Allah, ya roƙa da zumuncin da ke tsakanin Malam da marigayi mahaifinsa. Tsohon ya kawar da kai, don shi ma yana son yaron, ba zai ɓoye ba.

"Abu guda za ni yi maka. Ɗiyata ba yarinya ba ce, malamar makaranta ce, kuma ban yi mata dole ba. Tambayarta na yi, ta amsa da bakinta. Tahi ka tambaye ta. In ta ce kai, za ni ɗauki kunyar ga in kai ma Labbo da ƙafata."

Yana fitowa daga zauren sai ga motar Labbo ta tsaya. Kalilu ya dunƙule hannu, ya shirya wa faɗa. Ina! Mutumin nan dirowa ya yi ya rungume shi, yana kuka yana hamdala, yana shafa kansa kamar ɗan'uwansa da ya ɓata. Ya roƙi Kalilu ya yafe masa, ya ce jahilci ne, shi bai san ana mutuwar ƙarya a akwatin nan ba. Ya ce yana son Safiyatu har cikin ransa, ba zai yi masa ƙarya ba, amma duk abin da ta zaɓa shi ya yarda. Geron Inna kuma ba zai tsaya ba ko me aka yi.

Wallahi da mugu ne da ya fi wa Kalilu sauƙi.

Washegari da hantsi aka ce wa Kalilu Safiyatu tana gulbi. Makarantarsu a rufe take tun da iyaye suka kwashi yara suka tafi cin rani, don haka ita ke ɗebo wa gida ruwa.

Gulbin ya zama fili na yashi tun daga wannan gaɓa har waccan. Mata sun tona ramuka a tsakiya, suna jiran ruwa ya tsatso su kwasa da ƙwarya. Da suka hango shi sai suka tattara tulunansu suka ja can gefe. Ita kaɗai ta rage, durƙushe a bakin raminta, ta rame har wuyanta ya yi tsawo.

Ta ɗago ta dube shi. A fuska ta dube shi, kai tsaye. Tun da ya sauka a tasha ita ce mutum ta farko da ba ta kalli ƙafafunsa ba, kuma daɗin da ya ji bai misaltuwa. A ransa ya ce so ke nan, ita ko fatalwa ce shi ba ta damu ba.

"Sannu da zuwa, Kalilu."

Tun da suke ba ta taɓa kama sunansa ba. Mai Jita take ce masa, don mace ba ta faɗin sunan wanda za ta aura.

Ya tsuguna a gabanta ya soma zubo magana. Wasa ne, kuskure ne, ga shi da rai, ta taɓa shi ta ji. Baba ya ce maganarta ce za a bi. Labbo ma ya yarda. Kalma ɗaya za ta faɗa a koma yadda ake. Ya ce kowace waƙa da ke cikin faifan nan ita ya yi wa, ya ce a Ikko ba ranar da bai tuna ta ba.

Tana jin sa tana kwasar ruwa, hawaye na sauka a cikin ƙwaryar. Da ya yi shiru ta ajiye.

"Ka tuna rediyon da ka bar mani?"

Ya ce ya tuna.

"Bayan sadakar bakwai ba ni iya barci, ba ni iya ci. Kaset ɗinka nike sawa har batir ya yi sanyi ya daina ja. Wata safiya ina murɗa tasha, don dai in ji motsin mutane, sai na faɗa wata ta Ikko, ana Turanci. Sai na ji dariyarka."

Iskar bazara ta taso da zafi ta wuce.

"Na ce ko tsohuwar hira ce. Sai na ji matar da ke hira da kai tana tambayarka labarin farin da ake yi a Arewa bana, kana amsawa. Na faɗi na yi sujada a tsakar ɗaki, Kalilu. Na ce Allah ya maido mani kai. Ina cikin sujadar ta tambaye ka ko akwai wadda ka baro gida tana jiranka."

"Safiyatu, tsaya ki ji."

"Ka yi dariya ka ce ba kowa. Ka ce jitarka ita ce matarka."

Ya rantse mata mai kamfanin ne ya ce ya faɗi haka, wai 'yan mata ba sa sayen faifan mawaƙin da aka yi wa baiko. Ya ce maganar talla ce, ba ta kai zuci ba. Ya ce bai taɓa zaton tashar tana kaiwa Gatawa ba, balle a ce da Turanci.

"Na sani. Ka zaci ba mai ji. Abin da mutum ke faɗi in ya zaci ba mai ji, shi na riƙe."

Ta goge fuska da gefen mayafi, wasu suka sake zubowa. Ta ce duk da haka ta tashi ta nufi gidan Inna don ta faɗa mata. Ta tarar mata sun cika tsakar gida suna surfen geron Labbo, Inna na zaune da ƙwaryar fura a hannu, abin da kafin geron nan rabonta da shi tun kaka. Yaran maƙwabta sun yi layi a bakin ƙofa suna lasar yatsu. Ta tsaya a zaure ta daɗe, ta juya ta koma gida.

"Gumbar arba'in ɗinka da hannuna na daka ta, ina sane kana Ikko kana dariya. Ni kaɗai a garin ga na san kana da rai. Kowa kukan mutuwarka yake, ni kukan wani abu nike, ba wanda zan iya gaya ma."

"To don me kika amsa wa Labbo, tunda kin san ina nan?"

"Don na san kana nan na amsa mashi."

Ta ɗauki ƙwaryar ta juye ruwan a tulu, ta ci gaba.

"Da mutuwa ka yi da gaske, wallahi da ban yi aure ba bana, ko baɗi. Da na zauna da kaset ɗinka har in tsufa. Amma kana da rai, uwarka na cin anza, ni ina bakin hanya ina duba kowace mota, ko gaisuwa. Labbo ya yi maka kukan da kai ba ka yi ma kowa ba."

Ya kama gefen tulunta da hannu biyu yana kuka a fili, bai damu da masu kallo ba. Ya ce ya yi laifi, ya ce ta hukunta shi da komai ban da wannan. Ya ce zai bar Ikko, zai bar wasan, zai tsaya a gaban rediyon duniya ya kira sunanta. Ya tambaye ta, tsakaninta da Allah, ko ta daina son sa.

Ruwa ya sake tsatsowa a ramin, ba wanda ya kula.

"Ina son ka. Shi ne abin da ke ci na. Amma na ba mutumin kirki magana ido buɗe, ba wanda ya ruɗe ni, kuma ba ni tashi in kunyata shi don ka ga dama ka dawo."

Ta naɗa gammo ta ɗora a ka. Ya miƙe ya kama tulun zai ɗora mata kamar yadda ya saba yi a da. Ta yi kamar za ta hana, sai ta bari. Yatsunsu suka haɗu a wuyan tulun.

Ta yi taku biyu ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Gobe bayan an sauko Juma'a ne. Abu guda nike roƙonka, in har ka taɓa so na. Daga yanzu har a shafa fatiha, kada ka yi waƙa inda za ni ji. In na ji muryarka ban san abin da za ni yi ba."

Ta wuce. Matan suka ɗauki tulunansu suka bi bayanta, suka hau gaɓa ɗaya bayan ɗaya, aka bar shi shi kaɗai a tsakiyar gulbi.

Bai san lokacin da ya waiwaya ya dubi yashin da ya biyo ba. Sawunsa na nan, tun daga gaɓa har inda yake tsaye, ga nata ya rabu da shi ya nufi gari.

Gidan Malam Sodangi bai da nisa da gulbi. In ya ɗaga murya daga nan, har ɗakinta za ta kai, ya sani, don daga nan ya saba yi mata.

Waƙar ta taso masa daga ƙirji kamar kullum, ta hau maƙogwaro. Ya sa hannu biyu ya toshe bakinsa.